Yadda Ake Kallon Tsofaffin Finafinan Hollywood Kan Ƙwaya a Gane Inda Almakashi Ya Bi

Finafinan laifi na fari-da-baƙi da Hollywood ta yi tsakanin 1940 da 1958, waɗanda Faransawa suka raɗa wa suna noir, cike suke da kisa da cin amana da giya kamar ruwa. Amma da wuya ka ga mutum yana shaƙar hoda ko yana ɗaure hannu don allura. Ba wai babu abin a biranen Amurka ba ne. Littattafan da aka ɗauko labaran daga cikinsu suna ambaton mofin da hodar iblis da wiwi ɓaro-ɓaro. Hana nunawa aka yi, kuma hanin yana da shekarun da ya tsananta da shekarun da ya sassauta. Idan ka riƙe waɗannan shekaru, ka kuma san inda za ka sa ido da kunne, wuraren da labari ya yi maka kamar yana da giɓi za su zama su ne suka fi faɗa maka magana.

Fara da shekarar fim

Kafin ka kunna komai, nemi shekarar da fim ya fito. In da hali ka nemi wadda aka rubuta labarinsa ma, domin a kan takarda masu tacewa suke fara aiki, watanni kafin a kafa kyamara.

Mai tacewar ba gwamnati ba ce. Wanda ya saba da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda doka ta kafa, yana iya ruɗewa a nan. A Amurka manyan kamfanonin fim ne suka naɗa wa kansu mai tsaro don kada gwamnatin tarayya ta naɗa musu. A 1922 suka ɗauko Will Hays, wanda ke riƙe da ma'aikatar gidan waya ta ƙasa, ya shugabanci ƙungiyarsu. Bai cika shekara a kujerar ba sai ga mutuwar Wallace Reid, ɗaya daga manyan jaruman Paramount. Ya ji rauni a wajen aiki a 1919, aka riƙa ba shi mofin don kada ɗaukar fim ta tsaya, ya kamu, ya rasu a Janairun 1923 yana da shekara 31. Tun daga nan maganar ƙwaya ta zama abin da masu kamfanoni ba sa son a haɗa da sunansu ko a majigi ko a jarida.

A 1930 aka amince da kundin ƙa'idoji wanda Martin Quigley, mai buga mujallar harkar fim, da wani fada ɗan Katolika mai suna Daniel Lord suka tsara. Layi ɗaya tak ya shafi batunmu: kada a taɓa nuna fataucin haramtattun ƙwayoyi. Tarihin wannan layi ya kasu zango biyar, kuma kowane fim da za ka kalla yana cikin ɗaya daga ciki.

Daga 1930 zuwa tsakiyar 1934 kundin yana nan amma ana yi masa kunnen uwar shegu. Heroes for Sale na 1933 ya nuna tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya dawo gida da jarabar mofin, kai tsaye ba ɓoye-ɓoye.

Daga 1 ga Yulin 1934 aka kafa ofishi na musamman ƙarƙashin Joseph Breen, bayan matsin lamba daga ƙungiyar Katolika ta Legion of Decency. Dole a kai masa rubutaccen labari, dole a kai masa fim idan an gama, shi kuma ya ba da shaidar amincewa mai lamba. An sa tarar dala 25,000 ga kamfanin da ya fitar da fim babu shaidar. Amma ba tarar ce ainihin bulalar ba. Paramount da MGM da Warner Bros. da 20th Century-Fox da RKO su ne masu manyan gidajen sinima na birane, kuma ba sa haska fim mara shaida. Shekara goma sha biyu ƙwaya ta ɓace daga manyan finafinai, sai dai ta hanyar hannunka-mai-sanda.

A Satumban 1946 aka sassauta layin saboda fim guda, To the Ends of the Earth na kamfanin Columbia, wanda ya fito a 1948. Harry Anslinger, shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya daga 1930 zuwa 1962, shi ya ɗaure wa fim ɗin gindi, har ya fito a ciki da kansa. Sabon sharaɗi ya ce ana iya nuna fatauci muddin ba a tayar wa mai kallo sha'awar gwadawa ba, kuma ba a nuna shan ko abin da yake haifarwa dalla-dalla ba. Ta wannan ƙofa Port of New York da Johnny Stool Pigeon na 1949 da Borderline na 1950 suka shigo.

A Maris na 1951 aka sake rufewa, har ya fi na da tsanani: ba fatauci, ba kuma jarabar kanta. A shekarar ce majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar Boggs, wadda ta ƙayyade mafi ƙarancin ɗaurin da alƙali zai yanke kan laifin ƙwaya.

A Disamban 1956 aka buɗe da sharuɗɗa, haka aka tafi har aka soke kundin gaba ɗaya a Nuwamban 1968, aka koma tsarin rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo.

Ka lura da wanda aka buɗe wa ƙofa a 1946. Jami'in tsaro aka buɗe wa, ba mara lafiya ba. A finafinan wannan zango za ka ga jirgin ruwa da akwati mai ɓoyayyen ƙasa da jami'i mai bin sawu daga Shanghai zuwa Masar zuwa Havana, amma wanda ake yin duk wannan safara domin jijiyarsa ba ka ganinsa. Sai da aka ƙara shekara tara kafin a bar shi ya tsaya a tsakiyar hoto. A ganina wannan ce babbar ɓarnar da takunkumin ya yi, ta fi yanke wani sin can ko goge wata kalma: ya koya wa masu kallo cewa ƙwaya matsalar kan iyaka ce da 'yan sanda, alhali mai fama da ita yana kwance a ɗakin maƙwabci.

Samo kwafi mai kyau

Wannan mataki shi ake rainawa, shi kuma ya fi ɓata kallo. Rabin labarin waɗannan finafinai a cikin inuwa yake, kuma inuwa ce abu na farko da ke lalacewa idan an matse bidiyo don rage nauyi. Kwafin 360p zai mayar maka da kusurwar ɗaki baƙin dunƙule, ba za ka ga cokalin da ke kan tebur ko hannun da ke rawa ba. Nemi 720p ko sama. Kashe fitila, rage hasken allo zuwa matsakaici, ka kashe tsarin talabijin mai santsin motsi da mai ƙara kaifin launi. Idan a waya za ka kalla, sa abin kunne, saboda kiɗa yana ɗaukar nauyin abin da aka hana hoto ya nuna.

Duba fasalin hoto. Galibin finafinan da suka fito kafin 1953 kusan murabba'i ne, 1.37 zuwa 1, don haka baƙaƙen ginshiƙai a hagu da dama daidai ne, kada ka ja hoton ya cika allo. A Hatful of Rain na 1957 kuwa CinemaScope ne, mai faɗi sosai. Idan ka same shi ya cika allo mai murabba'i, an yanke kusan rabin hoton, kuma a fim ɗin da mutum uku ko huɗu ke tsaye a ƙaramin falo kowa na ɓoye wa wani magana, wanda aka yanke daga gefe sau da yawa shi ne ya kamata ka kalla. Kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta, bar shi.

Sannan duba tsawo. The Man with the Golden Arm minti 119 ne. Idan naka ya nuna kusan 114, kada ka yi saurin cewa an yanke: faifan da aka yi wa tsarin PAL, irin na Turai da Najeriya, yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, sai fim ya ragu da kashi huɗu cikin ɗari. Abin da ya yi ƙasa da haka sosai, an taɓa shi. Wasu finafinan kuma suna da siga fiye da ɗaya. Touch of Evil na Orson Welles yana da uku: wadda kamfani ya fitar a 1958, wata mai ɗan tsawo da aka gano a shekarun 1970, da wadda aka sake haɗawa a 1998 bisa wasiƙar shafi 58 da Welles ya rubuta wa kamfanin. Kiss Me Deadly ya yi shekaru yana yawo da gutsurarren ƙarshe kafin a maido da cikakken a 1997. Rubuta wacce kake kallo.

Idan sunaye suka fara fitowa, tsayar da hoto wajen da aka jera ma'aikata, ka duba can ƙasa. Za ka ga ƙaramin tambarin ƙungiyar kamfanoni da lambar shaida. Ganinsa na nufin duk abin da ke cikin fim ɗin ya bi ta hannun ofishin tacewa, don haka duk wata alamar ƙwaya da ka gani a ciki ko dai an yi ciniki a kanta ko ta sulale.

Hanyoyin da ake bi ta bayan gida

Ajiye takarda mai layi uku: minti, abin da ido ya gani, abin da baki ya faɗa. Inda na biyu da na uku suka saɓa, nan ne wurin aiki.

Dabara ta farko ita ce musanya. Littafin Mickey Spillane da aka yi Kiss Me Deadly daga shi, abin da ake kashe-kashe a kansa ƙwaya ce. Fim ɗin ya fito a 1955, tsakiyar shekarun hani, sai darakta Robert Aldrich da marubuci A. I. Bezzerides suka mayar da kayan wani akwati mai zafi da haske, na makamashin nukiliya. A nan musanyar ta haifi abin da ya fi na littafin ƙarfi, amma ba kullum ake dacewa haka ba. Duk lokacin da ka ga mutane suna mutuwa kan wani ƙunshi da labari bai gamsar da kai darajarsa ba, nemi littafin asali. Giya ma ta yi aikin musanya, tunda kundin bai hana nuna ta ba idan labari na bukata. The Lost Weekend na Billy Wilder, 1945, shi ne cikakken hoton jaraba da aka iya yi a wancan zango: ɓoye kwalba, ƙarya ga masoya, yawo da keken rubutu ana neman inda za a jinginar, da mafarkin ido biyu na jemage da ɓera a bango. Ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim. Finafinan ƙwaya da suka biyo baya shekara goma, a kan tubalinsa suka yi gini.

Ta biyu, a yi wa mutum dole. A Murder, My Sweet na 1944 an kama ɗan bincike mai zaman kansa Philip Marlowe, wanda Dick Powell ya fito a matsayinsa, an kulle shi a wani gidan jinya ana ɗirka masa allurai. Darakta Edward Dmytryk ya samu damar nuna duk abin da maye ke yi wa ƙwaƙwalwa, ƙofofi a jere cikin duhu, faɗuwa mara iyaka, wani abu kamar yanar gizo-gizo ko hayaƙi a kan hoton bayan ya farka. Ya wuce ne saboda jarumin bai nema ba, makami ne aka yi amfani da shi a kansa. Touch of Evil ma haka ya yi da matar da Janet Leigh ta fito a matsayinta: an tsorata mai kallo da zancen wiwi da allura a ɗakin otel, daga baya aka sa wani ya bayyana cewa maganin sa barci na asibiti aka yi mata, aka watsa guntayen wiwi don a ɗora mata laifi. Irin wannan jimla mai wanke jaruma, idan ka ji ta, sa mata alama.

Ta uku, a nuna alama a ƙi faɗin suna. A The Big Sleep na 1946, Marlowe ya shiga gidan wani mai suna Geiger ya tarar da gawa a ƙasa, Carmen, 'yar mutumin da ya ɗauke shi aiki, kuma tana zaune a kujera tana ƙyalƙyala dariya, idanunta ba sa tsayawa a kan komai. Ya ɗauki kofi ya sansana. Ba a faɗi abin da ta sha ba. A littafin Raymond Chandler an faɗa, kuma tsirara take. A fim an sa mata riga irin ta Sin. Tun a 1932, a Three on a Match, Humphrey Bogart ya goga yatsa a ƙarƙashin hanci don ya nuna abin da ke damun matar da ke ɗaki na gaba. Alamomin da za ka nema: yawan jan hanci, gumi a ɗaki mai sanyi, hamma, sosa hannu, doguwar riga da ba a naɗe hannunta ko a zafi, da mutumin da ya shiga ɗaki a birkice ya fito a natse.

Kunne ma yana da nasa aiki, kuma rubutun fassara na ƙasan allo yakan kuskure shi. Idan ka ji junk ko horse, hiroyin ake nufi. Snow hodar iblis ce. Hop ofiyom ne ko ƙwaya gaba ɗaya. Fix allura guda ce. Cold turkey kuwa daina sha farat ɗaya ba tare da magani ba. Fassarar na'ura takan ba ka doki da dusar ƙanƙara da talotalo, sai zancen ya tashi a banza.

Ta huɗu, maganin likita. Bigger Than Life na Nicholas Ray ya fito a 1956, watanni kafin a gyara kundin, yana nuna malamin makaranta, James Mason, da ya zarce ƙa'idar kotizon har ya zama abin tsoro ga matarsa da ɗansa. Mai launi ne, ba a cika sa shi a jerin noir ba, amma ka kalle shi: ya wuce ne don maganin halal ne a doka, kuma ya fi yawancin sauran faɗin gaskiya kan yadda jaraba ke shiga gida ta takardar asibiti.

Zakaran gwajin dafi

The Man with the Golden Arm ya cancanci kallo biyu, na farko a bi labari, na biyu da takarda a hannu.

Littafin Nelson Algren ne na 1949, wanda ya ci kyautar National Book Award a 1950. Kamfanin jarumi John Garfield ya fara sayen haƙƙinsa, ofishin Breen ya ce ba zai yiwu ba. Darakta Otto Preminger ya karɓa daga baya. Shi ya riga ya gwada ƙarfinsa a 1953 da The Moon Is Blue, wanda United Artists ta fitar babu shaida kuma ya yi kasuwa. Abu biyu suka ba shi wannan ƙarfin hali. A 1948 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya tilasta wa manyan kamfanoni rabuwa da gidajen sinimarsu, don haka mai sinima ya samu 'yancin haska abin da ya ga zai kawo kuɗi. A 1952 kuma, a shari'ar Burstyn da Wilson, kotun ta ce fim yana cikin abin da 'yancin faɗin albarkacin baki ya kare, ta soke matsayinta na 1915. Ga talabijin kuma tana kwashe masu kallo. Breen ya yi ritaya a 1954, Geoffrey Shurlock ya gaje shi, shi ne ya hana fim ɗin shaida. A Disamban 1955 shugabannin ƙungiyar a New York suka tabbatar da hanin, United Artists ta fice daga ƙungiyar ta fitar da fim ɗinta. Legion of Decency, wadda kowa ya zaci za ta yi Allah wadai da shi, matakin B ta ba shi, na fim mai aibi a wasu wurare, ba C na haramci ba. Ofishin da aka kafa don gamsar da coci ya wayi gari ya fi cocin tsanani.

Yanzu sin ɗin allura ta farko. Frankie Machine, wato Frank Sinatra, ya dawo unguwarsu a Chicago daga asibitin gwamnatin tarayya na Lexington a jihar Kentucky, da ganguna da burin zama makaɗi. Louie, dilan ƙwaya, ya ja shi zuwa ɗakinsa. Kalli sin ɗin sau uku. Karo na farko kashe sauti: za ka ga Louie yana fito da kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, Frankie ya ɗaure dantse da lakatayen wuyansa, sannan daidai lokacin da allura za ta shiga, kyamara ta bar hannun ta matsa kan fuskarsa har idanu suka cika allo. Karo na biyu rufe ido ka saurara: ƙahonin Elmer Bernstein, mai tsara kiɗan fim ɗin, suna bugawa tare da kowane abu da aka ajiye, suna hawa, sannan su sake. Karo na uku haɗa su. Za ka gane cewa ba ka ga allura ta huda fata ba, kiɗa da ido ne suka sa ka ji kamar ka gani. Hukumar tacewa ta jihar Maryland ta ce a yanke wannan wuri, United Artists ta kai ƙara, babbar kotun jihar ta ba kamfanin gaskiya a 1956. Wannan ma abin riƙewa ne: ban da ofishin kamfanoni, jihohi irin su New York da Pennsylvania da Ohio da Kansas da birane irin su Chicago da Memphis suna da nasu almakashin, shi ya sa tsofaffin kwafi ke bambanta.

Sai ka lissafa abin da Preminger ya sauya da kansa duk da ya yi fatali da shaida. A littafi mofin ne, kuma Frankie ya samo jarabar daga raunin yaƙi. A fim ba a ambaci sunan ƙwayar ko sau ɗaya ba. A littafi Frankie ne ya kashe Louie, ya ƙare da rataye kansa. A fim matarsa Zosch, wadda ke ƙaryar gurguntaka a keken guragu, ita ta tura Louie ya faɗo, ita ta mutu, Frankie ya tafi da tsohuwar budurwarsa Molly, wato Kim Novak. Fim ɗin da ya karya doka ya bi tsohuwar ƙa'idar Breen sau da ƙafa: mai laifi ya biya, mai tuba ya tsira. Algren bai ji daɗin abin da aka yi wa littafinsa ba, kuma yana da hujja. Duk da haka sin ɗin da aka kulle Frankie a ɗakin Molly, yana birgima a ƙasa, yana roƙo, sanyi na kaɗa shi tana lulluɓa masa duk abin da ta samu, a nan ne babban jarumi ya nuna wa cikakken zauren sinima cewa wannan ciwo ne. An sa Sinatra cikin 'yan takarar Oscar saboda shi. Fim ɗin bai samu shaida ba sai 1961.

Sharuɗɗa shida na 1956

Gyaran Disamban 1956 ya yarda a taɓa batun, amma ba a yarda ba idan fim ya ƙarfafa ko ya halatta sha, ko ya fito da daɗin ɗan lokaci da ƙwaya ke bayarwa, ko ya nuna ana iya dainawa cikin sauri da sauƙi, ko ya nuna dalla-dalla yadda ake samu ko ake sha, ko ya zuzuta ribar fatauci, ko ya sa yara suna sha ko sayarwa da saninsu. Rubuta su a gefen takardarka, ka gwada kowane fim na bayan 1956 da su.

A Hatful of Rain na Fred Zinnemann shi ne ɗalibin kirki. Don Murray tsohon sojan yaƙin Koriya ne da ya kamu da mofin a asibitin soja, matarsa mai ciki, Eva Marie Saint, tana zaton wata mace yake bi. Ba ka ganin allura, ba ka ganin daɗi, bashi kawai kake gani da dilolin da ke hawa bene. A ƙarshe matar ce ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda su zo su kai shi asibiti, babu alkawarin warkewa. Monkey on My Back na shekarar, labarin ɗan dambe Barney Ross da ya kamu bayan fafatawar Guadalcanal a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi karo da sharaɗi na huɗu, aka yi ta ja-in-ja da ofishin kan sin ɗin allura. The Lineup na Don Siegel, 1958, ya zagaye na shida da wayo: an ɓoye hiroyin a cikin 'yar tsana, yarinyar da ke riƙe da ita ta gano hodar ta shafe fuskar 'yar tsanar da ita, ba ta san mece ce ba. Ka kuma lura cewa sojoji sun yi yawa a jerin nan. Raunin yaƙi shi ne uzurin da ke sa mai kallo na 1957 ya tausaya. Wanda ya fara sha don talauci ko zaman banza bai cika samun fim ɗinsa ba a lokacin.

Gwada The Man with the Golden Arm da ma'aunin, za ka ga ya faɗi a na uku da na huɗu. Na ukun kuma masu kundin sun fi Preminger gaskiya. 'Yan kwanaki a kulle a ɗaki suna iya wuce da mafi tsananin azabar jiki, amma ba sa raba mutum da jaraba, kuma wanda ya koma bayan ya daina yana cikin haɗarin mutuwa da adadin da ya saba sha a da, don jikinsa ya daina jurewa. Mai shan giya sosai ko ƙwayoyin sa barci kuwa, yankewa farat ɗaya tana iya kawo farfaɗiya har da mutuwa. Kada kowa ya ɗauki wannan sin a matsayin hanyar jinyar ɗan'uwa.

Karanta wasiƙun ofishin

Bayan kallo, tabbatar da zatonka. Fayilolin ofishin Breen suna ɗakin karatu na Margaret Herrick a Beverly Hills, kuma an sa wani kaso a intanet. Kundin finafinai na American Film Institute kyauta ne, kuma a bayanin tarihin fim yakan taƙaita abin da ofishin ya ce. Tsofaffin mujallun harkar fim irin su Variety da Motion Picture Herald suna Media History Digital Library, ana bincika su da sunan fim.

Wasiƙun suna da tsari ɗaya. Ana aika su ga shugaban kamfani ko wakilinsa. Sakin layi na farko yana faɗin ko gundarin labarin karɓaɓɓe ne; idan an ce a'a a nan, sai an sake gini daga tushe. Sai jerin shafuka, shafi kaza a cire kalma kaza, shafi kaza a kula da tufafi. A rufe da cewa hukuncin ƙarshe sai an ga fim. Bi su bisa kwanan wata, ka gwada da abin da ka rubuta a takardarka. Sau da yawa za ka tarar an nemi a cire abu, an cire shi daga baki, darakta ya maido da shi ta haske ko motsin hannu, tunda ofishin ya fi iya karanta rubutu fiye da hoto. Wani lokaci kuma za ka tarar babu ruwan ofishin, kamfani ne ya ji tsoron kasuwa ko jarumi ya ƙi a ɓata masa suna. Kada ka ɗora wa Breen kowane sauyi sai ka ga takarda.

Inda ake yawan zamewa

Kada ka haɗa waɗannan da Reefer Madness da Marihuana na 1936 ko She Shoulda Said No! na 1949. Su ƙananan 'yan kasuwa ne suka yi su a wajen ƙungiyar, ba su nemi shaida ba, ana yawo da su gari-gari da sunan wa'azi ana sayar da abin da aka hana. Na 1949 ɗin ma an gina tallarsa ne kan Lila Leeds, wadda aka kama tare da Robert Mitchum da wiwi a 1948. Suna da amfani wajen sanin abin da manyan kamfanoni ba sa iya yi, amma ba su gaya maka komai kan yadda ake ciniki da ofishin.

Yi hattara da kwafin da aka sauya wa harshe. Duk mai kallon fassarar finafinan Indiya ya san mai fassara yana iya karkatar da labari, kuma a Turai an yi haka da gangan. Pickup on South Street na Samuel Fuller, 1953, labarin 'yan leƙen asirin kwaminis ne da wani ɗan ƙaramin fim na sirri. A fassarar Faransanci aka mayar da su masu safarar ƙwaya, har sunan fim ɗin ya koma na ƙwaya. Notorious na Hitchcock ma, da aka fara haska shi a Jamus ta Yamma a 1951, 'yan Nazi masu yuraniyom sun zama dilolin ƙwaya. A Amurka ana cire ƙwaya a sa nukiliya, a Turai ana cire siyasa a sa ƙwaya. Idan ka ci karo da ƙwaya a fim ɗin Hollywood na 1951 zuwa 1955 mai ɗauke da shaida, fara da duba harshen da kake ji.

Wajen jeri, bi shekaru, kada ka fara da wanda ya fi suna. Heroes for Sale, sai Murder, My Sweet, sai The Lost Weekend da The Big Sleep, sai To the Ends of the Earth, sai Kiss Me Deadly, sannan The Man with the Golden Arm, ka rufe da A Hatful of Rain da The Lineup. Tara ke nan, kowanne tsakanin minti 70 da awa biyu. Biyu a mako sun isa, domin kowanne yana son a koma wa sin ɗaya ko biyu da sauti a kashe, kuma wasiƙun fim guda kan ci maraice guda.